Rarrabe Aya da Tsakuwa a Ranakun Tunawa

 Ku sani shekarar 2026 da ta 2027 shekaru ne masu yawan bukukuwan tunawa a duniya. Ran 4 ga Yuli 2026 ita ce cikar shekara 250 da Amurka ta yi shelar fita daga mulkin Ingila. Watan Maris na 2027 shi ne cikar shekara 300 da mutuwar Niyuton, babban malamin hisabi na Ingila, ran 30 ga Afrilu na shekarar kuwa ita ce cikar 250 da haihuwar Gaus na Jamus. A nan gida, 15 ga Janairu 2026 ita ce cikar shekara 60 da juyin mulkin soja na farko. Kowace irin wannan rana in ta zagayo, sai gidajen rediyo da jaridu su cika da labarinta, a aiko wa mutum da shi har cikin wayarsa, yara kuma su komo da shi daga makaranta. To, labarin nan ba ya zuwa tsantsa. Kamar buhun gero ne da aka saya a hannun baƙo, akwai tsaba, akwai kuma tsakuwa, wanda ya niƙa bai rege ba kuwa haƙorinsa ne zai gaya masa.

Mu fara da ta Amurka, da ya ke ita ta fi ƙara. Yankuna 13 ne na Turawan da suka yi ƙaura suka zauna a bakin tekun Atlantika, wakilansu suka taru a birnin Filadelfiya. Ranar da suka jefa ƙuri'ar rabuwa da Sarkin Ingila ita ce 2 ga Yuli 1776. Wanshekare Jon Adams, ɗaya daga cikin manyansu, ya rubuta wa matarsa takarda ya ce 2 ga Yulin nan ce jikoki za su riƙa yi wa biki. Abin da aka yi ran 4 ga wata shi ne amincewa da lafazin takardar shelar wadda Tomas Jafason ya tsara, kwanan watan nan kuwa shi aka buga a kan takardar, shi ya sa ya bi bakin mutane. Sa hannu fa, wanda mutane da yawa su ke zaton a ranar aka yi shi, yawancin mutum 56 ɗin sai ran 2 ga Agusta suka yi. Ingila kuwa ba ta saki ba sai da aka gwabza yaƙi, aka yi sulhu a Faris cikin 1783. Kun ga ke nan ranar biki ɗaya ce daga cikin ranaku da yawa, zaɓenta aka yi.

Bayan zaɓen rana sai ƙarin gishiri. Akwai wata babbar ƙararrawa mai tsagu a Filadelfiya wadda a ke zuwa kallo daga ko'ina, a kan ce wani tsoho ne ya kaɗa ta ran 4 ga Yuli sa'ad da wani yaro ya ƙwala masa kira cewa an amince. Wannan labari wani marubuci ne mai suna Lippard ya ƙaga shi cikin 1847, shekara 71 bayan abin, takardar ma ba a karanta wa jama'ar birnin ita ba sai ran 8 ga wata. Haka kuma labarin Joji Washinton, shugabansu na farko, wai yana yaro ya sare itacen mahaifinsa da ɗan gatari, da aka tambaye shi ya amsa laifinsa don ba ya iya ƙarya. Wani mai wa'azi kuma mai tallar littattafai, sunansa Weems, shi ya saka shi cikin littafinsa a 1806, shekara bakwai bayan mutuwar Washinton, kafinsa ba wanda ya rubuta shi. Ga labari don a hana yara ƙarya, ga shi kuma shi kansa ba shi da madogara.

Amma kada wannan ya sa mu yi ta ƙaryata duk abin da ya ba mu mamaki. Jon Adams da Tomas Jafason, dukansu biyu sun yi shugabancin Amurka, dukansu biyu kuma sun mutu rana ɗaya, ran 4 ga Yuli 1826, daidai ranar da takardar nan ta cika shekara 50. Da a bakin mai tatsuniya aka ji wannan sai a ce ya cika zuƙi, alhali kuwa tabbatacce ne, rubuce a jaridun zamanin. Ashe ban mamakin labari ba ya nuna ƙaryarsa, daɗinsa kuma ba ya nuna gaskiyarsa. Akwai kuma abin da a kan yi shiru a kansa ranar biki. Takardar ta ce dukan mutane daidai aka halicce su, amma mai tsara ta yana da bayi, ƙidayar da aka yi a 1790 ta sami bayi kusan dubu 700 a ƙasar, bauta kuwa ba a haramta ta a dukan ƙasar ba sai 1865. Ɓoye rabin labari ɗan'uwan ƙara masa gishiri ne.

Wata ƙofar da kuskure ya ke shigowa ita ce kalanda. Tsohon lissafin Rumawa ya ɗauki shekara kwana 365 da rubu'i, shekarar rana kuwa ta gaza haka da kimanin minti 11, watau kwana guda cikin kowace shekara 128. Da kwanakin suka taru, sai Paparoma Giregori ya gyara cikin 1582, aka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Jumma'a 15 ga wata. Ingila ba ta bi ba sai 1752, Rasha kuwa sai 1918. Saboda haka ne juyin mulkin da Rashawa su ke kira na Oktoba, wanda ya faru ran 25 ga Oktoba 1917 a lissafinsu na dā, aka riƙa bikinsa ran 7 ga Nuwamba. Saboda haka ne kuma maganar da a ke yawan yi, wai shekarar da Galileyo na Italiya ya mutu ita aka haifi Niyuton, kamar fitila ta mutu an kunna wata, ba ta tsaya ba. Galileyo ya mutu ran 8 ga Janairu 1642 a sabon lissafi, an haifi Niyuton ran 25 ga Disamba 1642 a tsohon lissafi. In aka auna su da mudu ɗaya sai su rabu: a sabon lissafi haihuwar Niyuton ta koma 4 ga Janairu 1643, a tsohon kuwa mutuwar Galileyo ta koma ƙarshen Disamba 1641. Ɗan kasuwa ya san abin da ya kan faru in an saya da tiya an sayar da mudu. Ku da ku ke riƙe da lissafin wata kun fi kowa sanin wannan, don shekarar Hijira ta gaza ta rana da kwana 11, shekara 250 ɗin nan ta Amurka a lissafin wata 257 ce da kusan wata takwas.

Niyuton ɗin nan shi ne mai labarin tuffa. A kan ce yana zaune gindin itace tuffa ta faɗo masa a ka, nan take ya gane ƙarfin da ke jawo abubuwa zuwa ƙasa. Labarin yana da tushe. Cikin 1665 da 1666 annoba ta sa an rufe jami'ar Kambirij, ya koma gidansu a ƙauye. Ran 15 ga Afrilu 1726, yana da shekara 83, ya gaya wa abokinsa Stukeley cewa ganin faɗuwar tuffa a lambu shi ya sa ya fara tunanin me ya sa kullum sai ta nufi tsakiyar ƙasa. Watau mai abin ne ya faɗa da bakinsa, amma bayan shekara 60, bai kuwa ce ta buge shi a ka ba, wannan ƙarin na baya ne.

Abin da tatsuniyar ta haɗiye shi ne aikin. Dutse in an sake shi ya kan faɗi kimanin ƙafa 16 a sakan na farko. Nisan wata daga tsakiyar ƙasa ya ninka namu nisan sau 60. Niyuton ya ce in ƙarfin jan yana raguwa gwargwadon nisa a buga shi da kansa, to a wurin wata ya ragu sau 60 sau 60, watau 3,600. Tafiyar abu mai faɗuwa kuma tana ƙaruwa gwargwadon lokaci a buga shi da kansa, minti guda kuwa sakan 60 ne, sai wannan 3,600 ta ci waccan. Bisa ga haka, abin da wata zai karkato wajen ƙasa cikin minti guda ya kamata ya yi daidai da abin da dutse ya ke faɗi cikin sakan guda. Da aka auna tafiyar wata sai aka tarar haka ɗin ne. Babban littafin da ya kafa wannan hujja bai fito ba sai 1687, fiye da shekara 20 bayan zaman lambu, abokinsa Halley ne ma ya biya kuɗin bugu daga aljihunsa. Yaron da aka koya wa tuffa kaɗai zai zaci ilmi faɗowa ya ke daga sama a kan mai sa'a, sai ya zauna jiran tasa tuffar.

Gaus shi ma yana da nasa. An ce malaminsu na makaranta ya sa su tara lambobi daga 1 zuwa 100 don ya huta, kafin ya zauna sai ga yaro ya ajiye allonsa da amsa 5,050. Dabarar gaskiya ce, kowa kuma na iya jarraba ta: 1 da 100 su ne 101, 2 da 99 su ne 101, haka har tagwaye 50, 50 sau 101 kuwa 5,050. Wanda ya jefa naira ɗaya a asusu yau, gobe biyu, jibi uku, ran kwana 100 abin da zai fasa ke nan. Amma wanda ya fara rubuta labarin, abokinsa Sartorius, cikin 1856, shekara guda bayan mutuwar Gaus, bai ambaci 1 zuwa 100 ba, cewa kawai ya yi jerin lambobi aka ba su. Lambobin na baya suka saka. Tambayar ma ta girmi Gaus da kusan shekara dubu, don tana cikin wani littafin lissafi da a ke jingina wa Alcuin, malamin fadar Sarki Shalaman wajen shekara ta 800, inda aka yi misali da tsani mai hawa 100 da tantabaru a kan kowane hawa. Abin da ya ɗaukaka Gaus a idon malaman zamaninsa daban ne. Ran 1 ga Janairu 1801 wani mai duban taurari a Italiya, Piazzi, ya hango wani ƙaramin tauraro, ya bi shi kimanin kwana 40, sa'an nan hasken rana ya ɓatar da shi. Gaus, yana ɗan shekara 24, ya ɗauki ɗan awon nan ya lissafa hanyar tauraron, ya nuna inda zai ɓullo, a watan Disamba na shekarar aka same shi kusa da inda ya ce.

Kada a ce Turawa kaɗai a ke yi wa ƙari. Cikin 1983 Tarayyar Sobiyet ta buga kan sarki don cikar shekara 1,200 da haihuwar Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, har da hoton fuskarsa. Shekarar haihuwarsa ba a rubuce ta ke ba, ƙiyasi ne wajen 780, fuskar kuma mai zane ne ya ƙaga. A kan ji ana cewa shi ya ƙirƙiro sifiri, alhali shi da kansa lissafin Hindu ya kira wannan hanya ta lambobi a littafin da ya yi a kanta, wani malamin Indiya mai suna Brahmagupta kuwa ya riga ya rubuta ƙa'idodin sifiri tun 628. Abin da ya ke nasa ba gardama ya isa abin alfahari. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya wallafa littafin Aljabru wal Muƙabala, ya ce ya yi shi ne don bukatar mutane wajen rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon filaye, kusan rabin littafin ma mas'alolin wasiyya da gado ne. Daga sunan littafin Turawa suka sami kalmar aljabara, daga sunan mutumin kuma suka sami algoridim, wadda a ke kiran tsarin lissafin kwamfuta da ita har yau. Wanda ya ɗora masa sifiri bai ƙara masa kome ba, sai dai ya ba mai gardama ƙofar da zai ƙaryata sauran.

Haka Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya mutu a Alƙahira wajen 1040. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2015 ta zama shekarar haske, cikin dalilanta har da cikar shekara dubu da littafinsa Kitabul Manaziri, inda ya kafa hujja da gwaji cewa gani yana samuwa ne da hasken da ya ke shiga ido daga abin da a ke kallo. A wannan biki labarin da ya fi yawo shi ne wai ya yi wa sarkin Masar, Alhakim, alkawarin tsare ambaliyar Nilu, da ya kasa sai ya yi haukan ƙarya har sarkin ya gushe a 1021. Mai ruwayar wannan shi ne Ibnul Ƙifɗi, wanda ya mutu a 1248, tsakaninsu wajen shekara 200. Zahiruddini Baihaƙi, marubucin tarihin masu hikima wanda ya riga shi, cewa ya yi gudu ya yi zuwa Sham. Littafin yana nan a hannu ana karantawa, haukan kuwa ruwaya biyu ce mai saɓani.

To, da wane ma'auni za a auna? Malamai sun riga sun san rabinsa daga ilmin ruwaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riski zamanin ko bai riska ba, shekara nawa tsakanin abin da rubuta shi. Da wannan ma'auni tuffar Niyuton ta fi gatarin Washinton ƙarfi, don ta farko daga bakin mai abin ta ke, na biyu kuwa daga mai tallar littafi bayan mai abin ya mutu. Ɗaya rabin Ibnu Haldun ya bayyana shi a Muƙaddima tun 1377, inda ya nuna cewa ba a tsayawa kan mai ruwaya kaɗai, sai a duba ko abin da aka ruwaito yana yiwuwa bisa ga yadda duniya ta ke tafiya. Ya kawo misalin birnin tagulla da Mas'udi ya ce yana cikin hamadar Sijilmasa, ya ce ayari da jagorori sun ratsa hamadar nan ba su taɓa jin ɗuriyarsa ba, ƙarfen da zai gina birni guda kuwa ba a samunsa. Hujjar fatake ce ya kafa, gani ya kori ji.

Ranakun siyasa su ne suka fi bukatar lura, don a nan sau da yawa kwanan watan daidai ne, zaɓen ne ya ke da manufa. Faransa tana bikin 14 ga Yuli, ranar da jama'ar Faris suka fasa kurkukun Bastil a 1789, fursunoni bakwai kaɗai aka tarar a ciki, ranar kuwa ba ta zama ta ƙasa bisa doka ba sai 1880. A Nijeriya an yi shekaru ana bikin ranar dimokuraɗiyya ran 29 ga Mayu, ranar da Janar Abdussalami Abubakar ya miƙa mulki ga Obasanjo a 1999. Cikin Yuni 2018 Shugaba Buhari ya mayar da ita 12 ga Yuni, don tunawa da zaɓen 1993 wanda gwamnatin Babangida ta soke, wanda Abiola ya mutu a tsare saboda shi cikin 1998. Duka ranakun biyu gaskiya ne, amma ta farko tana tuna wa yaro cewa soja sun ba da mulki, ta biyu tana tuna masa cewa soja sun hana. Ku duba kuma 15 ga Janairu. Gwamnati ta sa ta ranar tunawa da mazan jiya, don a wannan rana ta 1970 Biyafara ta miƙa wuya aka ƙare yaƙin basasa. A wannan rana kuma ta 1966 aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna da Akintola a Ibadan, aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko aka kashe shi. Rana ɗaya, mafari da ƙarshen fitina duka a cikinta. Wanda aka gaya wa ɗaya ba a gaya masa ɗayan ba, ba a yi masa ƙarya ba, amma an tauye masa mudu.

Waiwaye adon tafiya ne, ba mai cewa a bar tunawa da magabata, ko a hana yara labari mai daɗi. Abin da ya wajaba shi ne a kira kowane abu da sunansa. In yaro ya komo da labarin tuffa, a ce masa an ruwaito haka, sa'an nan a zaunar da shi a nuna masa 60 sau 60. In an aiko wa mutum da labarin wani malami a waya, kafin ya tura wa wani ya tambayi littafin da abin ya ke ciki da shekarar da aka rubuta shi, kamar yadda ba ya biyan bashin da ba ya cikin littafinsa sai da shaida. In hukuma ta ba da hutu ta rufe ofisoshi da bankuna, ya tambayi abin da ya faru a ranar, da wanda ya zaɓe ta, da abin da aka bari ba a faɗa ba. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta.